Wa ya kai iri inda ƙanƙara ta tashi?

"Malam, barka da ƙoƙari. Na ga hotuna biyu na wani kwari a tsaunukan Alps, ɗaya an ɗauke shi sama da shekara ɗari da suka wuce, ɗayan kuma na kwanan nan. A tsohon, ƙanƙara ce ta cika kwarin maƙil. A sabon ta ja da baya can sama, inda ta bari kuma ya yi kore shar, har da bishiyoyi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wurin da ya daɗe a danne, babu ƙasa sai dutse, ta yaya tsiro ke kama shi? Wa ya kai iri? Shekara nawa ake yi kafin ya zama daji? Kuma tunda kore ƙaruwa yake yi, ashe narkewar ba alheri ba ce?"
Daga wata ɗaliba mai nazarin ƙasa

Malama, sannu da wannan tambaya. Idan na fahimce ki, abu uku kike nema: yadda rai ke fara kama wurin da babu ƙasar shuka, tsawon lokacin da abin ke ɗauka, da kuma ko za a kira shi riba. Zan fi daɗewa a kan na farkon, don sauran biyun daga cikinsa suke fitowa.

Sai mu fara da ita kanta ƙanƙarar. Abin da kika gani a hoton shi ake kira kogin ƙanƙara: dusar ƙanƙara ce da ke taruwa a kan tsauni shekara bayan shekara, ta danne junanta har ta daskare ta zama dunƙule guda, nauyinta ya riƙa jan ta gangare a hankali. Tana tafiya tana nuƙe dutsen da ke ƙarƙashinta. A tsaunukan Alps waɗannan koguna sun kai iyakar girmansu na baya-bayan nan wajen 1850, ƙarshen wani zamanin sanyi da ya yi 'yan ƙarnoni, daga nan suka fara ja da baya, ɗumamar yanayi kuma ta ƙara musu sauri. Kogin ƙanƙara na Morteratsch a Suwizalan, wanda ake auna shi tun 1878, ya ja da baya fiye da kilomita biyu da rabi. A hanyar da ke bi ta kwarin an kafa alluna, kowane da shekarar da bakin ƙanƙarar yake a wurin. Mai tafiya daga ƙasa zuwa sama yana farawa a cikin bishiyoyi, ya ratsa ta ƙananan itatuwa da ciyayi, ya ƙare a kan tsakuwa tsirara, duk cikin tafiyar da ba ta fi awa ɗaya ba.

Abin da ƙanƙara ke bari

Wanda bai taɓa tsayawa a bakin kogin ƙanƙara ba zai ɗauka fili ne mai jiran shuka. Ba haka yake ba. Manyan duwatsu ne da tsakuwa da yashi, da wani laka mai toka-toka, wanda garin dutse ne da ƙanƙara ta niƙa. Ba ruɓaɓɓen ganye, ba taki. Sinadarin naitirojin, wanda tsiro ba ya girma sai da shi, kusan babu, saboda yawancin duwatsu ba sa ɗauke da shi. Fosfaras akwai, amma a kulle yake cikin dutsen, sai ya zaizaye kafin saiwa ta same shi. Ga wata iska mai sanyi da ke gangarowa daga kan ƙanƙarar dare da rana. Da rana saman tsakuwa ya yi zafi ya bushe ƙayau, da dare ya daskare.

Amma babban maƙiyin tsiro a nan ba yunwa ba ce, motsi ne. Ƙasar ba ta zauna ba. Sau da yawa akwai guntun ƙanƙara a binne ƙarƙashin tsakuwa, idan ta narke sai wurin ya rufta. Rafin da ke fitowa daga bakin ƙanƙara yau yana nan, baɗi ya koma can. Akwai kuma wani abu da sai da asuba ake ganinsa: ruwan da ke cikin laka yana daskarewa ya fito tsaye kamar allurai, ya ɗaga fatar ƙasa sama da kimanin faɗin yatsa. Duk jaririn tsiron da ke wurin, da shi za a ɗaga. Rana na fitowa alluran su narke, a bar shi kwance saiwarsa a waje. Na sha durƙusawa da sassafe ina kallon wannan, tsiron da na ƙirga jiya da yamma yana tsaye, yau ga shi ya tuge kamar an sa hannu an cire shi.

Waɗanda ke riga kowa isa

A littattafan makaranta za ki ga an jera abin kamar layin karɓar kati: laiken (ɓawon da ke manne a jikin dutse), sai gansakuka, sai ciyawa, sai ƙananan itatuwa, sai daji. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka gaskiyar ba, kuma a farkon layin ma an yi tsallake.

Na farko ido ba ya ganinsu. Ƙananan halittu ne, bakteriya da danginsu. Wasu daman suna zaune a ƙarƙashin ƙanƙarar ko a samanta, ruwan narkewa ya sauko da su. Wasu iska ta kawo. Mafi amfani a cikinsu su ne sayanobakteriya, masu haɗa abincinsu da hasken rana, wasunsu kuma suna iya kama naitirojin daga iska. Steve Schmidt da abokan aikinsa sun yi bincike a gaban kogin ƙanƙara na Puca a Peru, a tsawo kimanin mita 5,000, suka tarar cewa cikin shekara huɗu zuwa biyar waɗannan halittu sun kama ƙasar, tun babu tsiro ko ɗaya. Su ne ke yin wani baƙin ɓawo a saman laka, wanda ke ɗaure yashi, ya riƙe danshi. Idan kika taka shi, kin rusa aikin shekaru da tafin ƙafa ɗaya.

Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne, dabbobin farko maciya nama ne. Gizo-gizo da wasu buzuzu suna yawo a kan tsakuwar da ba ta da ganye ko guda. Me suke ci? Ƙwarin da iska ta kwaso daga ƙasa ta yar, da ƙananan ƙudajen da ke ƙyanƙyashewa a ruwan narkewa. Kashinsu da gawarsu na daga cikin takin farko.

Shi kuwa laiken, wato wannan ɓawon da ke manne a jikin dutse, wanda haɗin gwiwa ne tsakanin naman gwari da wata halitta mai cin hasken rana, a gaskiya ba shi da hanzari. Nau'in Rhizocarpon geographicum, mai ruwan ɗorawa da zanen baƙi kamar taswira, faɗinsa ba ya ƙaruwa da ko milimita ɗaya a shekara. Saboda wannan jinkirin ne ma Roland Beschel, ɗan Ostiriya, ya fito da dabarar auna faɗinsa a 1950 don gane shekarun da dutse ya yi a fili. A kan tsakuwa mai laushi kuwa, tsirrai masu fure sukan riga shi. A gaban kogin ƙanƙara na Rotmoosferner da ke kwarin Ötztal a Ostiriya, inda masanan Jami'ar Innsbruck suka daɗe suna aiki, 'yan shekaru kaɗan bayan tashin ƙanƙara ake ganin Saxifraga aizoides mai fure rawaya da Saxifraga oppositifolia mai fure jaja-jaja, zaune a kan tsakuwa tsurarta. Ba su jira wani ya yi musu ƙasa ba.

Wa ya kai iri

Iska ce, mafi yawa. Ki duba irin tsirran da ke fara zuwa: ko dai ƙanana ne kamar ƙura, ko kuma suna da gashi ko fiffike. Itacen wilo da tsirran Epilobium da Dryas duk irinsu na da gashin da iska ke ɗauka. A lokacin sanyi ma iri na sulalewa a kan daskararriyar dusar ƙanƙara ya yi nisa. Ruwa na kawo wasu, zaftarewar dusar ƙanƙara daga gefen kwari na sauko da dunƙulen ƙasa da saiwoyi a ciki, tsuntsaye da awakin dutse na ajiye nasu a cikin kashi. Wani lokacin ma abin yana nan a ƙarƙashi tun asali: a 2013 Catherine La Farge ta ba da rahoton gansakukar da ta fito daga ƙarƙashin kogin ƙanƙara na Teardrop a tsibirin Ellesmere na Kanada, bayan kimanin shekara 400 a binne, kuma ta sake toho. Wannan ba kullum ba ne, amma ya faru.

Sai dai isowar iri ba ita ce nasara ba. Yawancin irin da ya faɗo mutuwa yake yi. Wanda ke rayuwa shi ne wanda ya dace da maɓoya: bayan wani dutse inda iska ba ta kaiwa, ɗan rami mai tara danshi, tsagi tsakanin tsakuwa biyu. A shekarun da na yi ina aikin ƙirga tsirrai a gaban ƙanƙara a wani kwari na Alps, kayan aikina ba su wuce firam na katako mai faɗin mita ɗaya, turaku da littafi ba. A ajiye firam, a durƙusa, a ƙirga duk abin da ke ciki. Abin da na riƙa gani kusan ko yaushe shi ne, tsakiyar fili mai santsi fayau, amma ki ɗaga kai ki leƙa gindin dutse mai girman kan mutum, ta ɓangaren da ba ya fuskantar ƙanƙara, sai ki ga jarirai uku ko huɗu sun maƙale a wurin. Wata shekara na koma na tarar rafi ya sauya hanya ya bi ta kan filayena na sama, ba turaku, ba tsirrai, sai sabon yashi. A takarda wurin ya shekara goma sha biyu da fita daga ƙanƙara. A zahiri agogonsa ya koma sifiri.

Da zarar wani ya kafu, sai ya zama maɓoya ga wani. Tsirrai masu kama da matashin kai, irin su Silene acaulis, suna tare ƙura da matattun ganye a cikinsu, cikinsu ya fi waje ɗumi da danshi, wasu irin su tsira a tsakiyarsu. Sai kuma masu kawo naitirojin. A Alps dangin wake ne, kamar Trifolium pallescens. A Alaska Dryas drummondii ne da itacen alda, waɗanda ke da ƙulullukan bakteriyar Frankia a saiwarsu. Ga naman gwari da ke haɗa kai da saiwa, yana jawo mata ruwa da fosfaras, ita kuma tana ba shi sukari. Daga nan ƙasa ta fara duhu, ta fara ƙamshin ƙasa.

Labarin Glacier Bay, da gyaran da aka yi masa

Kusan duk abin da littattafai ke faɗa a wannan fanni daga wuri ɗaya ya samo asali, Glacier Bay, wani mashigin teku a Alaska ta Amurka. A 1794, da jirgin George Vancouver ya bi ta wurin, ƙanƙara ce ta toshe mashigin kusan gaba ɗaya. Da John Muir ya je a 1879, ta ja da baya fiye da kilomita 45. Zuwa 1916 ta yi nisan kusan kilomita 100. A wannan shekarar William Cooper ya kafa ƙananan filaye masu mita ɗaya don a riƙa bibiyarsu. Daga ayyukan da suka biyo baya aka sami jerin da ya shahara: baƙin ɓawo da gansakuka, sai shimfiɗar Dryas, sai kurmin alda, sai bishiyar sifurus ta Sitka, sai bishiyar hemlok. Masu bincike Crocker da Major sun nuna a 1955 cewa a ƙarƙashin alda ƙasa na ƙara tsami, ma'aunin tsami da ake kira pH yana sauka daga kusan 8 zuwa kusan 5 cikin shekara hamsin ko ƙasa da haka, naitirojin kuma yana taruwa. Labari mai daɗi: kowa na share wa na bayansa hanya, na bayan ya zo ya yi masa inuwa ya kashe shi.

Matsalar ita ce yadda aka haɗa labarin. Ba wanda ya zauna shekara ɗari biyu yana kallon wuri ɗaya. An ɗauki wurare daban-daban masu shekaru daban-daban aka jera su, aka ɗauka cewa ƙaramin zai zama kamar babban idan ya kai shekarunsa. A 1995 Christopher Fastie ya ƙirga zoben cikin bishiyoyi, wanda ke nuna shekarunsu, ya nuna ba haka ba ne. Wuraren da ke bakin mashigin, waɗanda suka fara fita, suna kusa da tsohon dajin da ƙanƙara ba ta taɓa ba, don haka sifurus da hemlok suka iso su da wuri. Wuraren da ke can ciki, nesa da iyayen iri, alda ce ta mamaye su ta daɗe, tana hana wasu shiga. Hanyoyi ne daban, ba matakai na hanya ɗaya ba.

Sai a 2016 Brian Buma ya bi bayanan Cooper, da ƙirgen taku da kamfas da na'urar gano ƙarfe, ya gano filayen nan da suka ɓace. Shekara ɗari cif. Abin da ya tarar: yawancinsu wilo ne ya riƙe su, wanda ya riga isa tun farko ya ci gaba da yaɗuwa ta saiwa da rassa, bai ba kowa wuri ba. Dajin sifurus da littafi ya yi alkawari bai zo waɗannan filaye ba.

A ganina wannan ne darasin da ya fi kowane muhimmanci a tambayarki. Shekaru na da tasiri, ba musu. Amma wanda ya riga isa, da nisan wurin daga inda iri yake, da ko ƙasar ta daina motsi, sukan rinjayi shekaru. Tsohuwar gardama ce ma: Frederic Clements a 1916 yana ganin al'ummar tsirrai na girma kamar jiki ɗaya zuwa ƙarshe sananne, Henry Gleason a 1926 ya ce kowane nau'i tafiyarsa yake yi, dace da yanayi ke haɗa su. Gaban kogunan ƙanƙara ya fi ba Gleason gaskiya, ko da yake taimakon da wani tsiro ke yi wa wani abu ne da ake aunawa a gani.

Shekara nawa?

Ya danganta da yadda wurin yake sama ko ƙasa a kan tsauni. Inda bakin ƙanƙara ya sauko ƙasa da iyakar da bishiya ke iya rayuwa, kamar Morteratsch ko Glacier Bay, tsirrai ɗaiɗai kan bayyana cikin shekara goma na farko, ƙananan itatuwa cikin 'yan shekaru goma-goma, abin da za a kira daji kuma wajen ƙarni ɗaya ko fiye. Hoton da kika gani irin wannan wuri ne. Inda yake sama da iyakar bishiya, daji ba zai zo ba muddin yanayin bai ɗaga iyakar ba; ƙarshen abin ciyawar tsauni ce. A gaban Rotmoosferner, ɓangaren da ya fita tun 1858 har yanzu bai zama daidai da tsohuwar ciyawar da ke wajen kwarin ba. Ƙasa mai zurfi kuwa aikin ɗaruruwa ne zuwa dubban shekaru.

Tsaunukan yankin zafi na da nasu salon, don a can sanyin dare da zafin rana kullum ne, ba na wani lokaci a shekara ba. A Dutsen Kenya, Kazuharu Mizuno ya daɗe yana bin kogin ƙanƙara na Tyndall. Daga 1958 zuwa tsakiyar shekarun 1990 yana ja da baya kimanin mita 3 a shekara, wani ɗan tsiro mai fure rawaya, Senecio keniophytum, yana bin sawunsa da kusan wannan saurin. Da ƙanƙarar ta ƙara gudu, shi ma ya ƙara. Ni aikina na hannu a Alps ya tsaya, don haka abin da na faɗa kan Kenya da Peru daga aikin waɗanda suka je ne.

To, alheri ne?

Wurin da zai buɗe ba kaɗan ba ne. Wani bincike da Jean-Baptiste Bosson ya jagoranta a 2023 ya ƙiyasta cewa zuwa 2100, in aka cire manyan shimfiɗun ƙanƙara na Antatika da Girinlan, filin da zai fita daga ƙarƙashin ƙanƙara zai kai tsakanin faɗin Nepal da faɗin Finlan, gwargwadon yawan hayaƙin da duniya ta ci gaba da fitarwa. Wani ɓangare zai zama tafkuna ko teku, wani ya zama sabon mazaunin tsirrai da dabbobi. Saiwoyi za su ɗaure gangaren da ke zaftarewa. Wannan riba ce, ban musa ba.

Amma ki sa ɗaya hannun a ma'auni. Kogin ƙanƙara rumbun ruwa ne: yana ajiyewa lokacin sanyi, ya saki lokacin zafi da fari. Yayin da yake narkewa ruwan kan ƙaru na ɗan lokaci, sannan ya ragu, kuma ciyawa ba ta maye wannan gurbin. Farar ƙanƙara na mayar da hasken rana sama, dutse da ganye kuwa shanye shi suke yi. Su kansu tsirran farkon nan, waɗanda suka ƙware a kan tsakuwa mai sanyi da danshi, rayuwarsu ta dogara ne da bin bakin ƙanƙara. Ba su iya gasa ba; ciyawa da itatuwa na zuwa sai su shaƙe su. Muddin ƙanƙara na ja da baya suna da sabon wurin gudu. Ranar da ta ƙare, kamar yadda ƙanƙarar Chacaltaya ta Bolibiya ta ƙare a 2009, ba sauran gaba. Shi ya sa yawan nau'o'i kan hau da farko, daga baya ya sauko.

Akwai masu tambaya ko a taimaka wa wurin da shuka. A mafi yawan lokuta ni na fi son a bar shi, a hana tono da gine-gine da tattakawa, don irin da aka kawo daga nesa yakan zama shi ne ya riga isa, kuma kin ga abin da wanda ya riga isa ke yi. Inda gangare ke barazana ga mutane, ko ƙasar na fitar da ruwa mai tsami, magana ta sauya. A tsaunukan Cordillera Blanca na Peru, Anaïs Zimmer ta yi gwaji da makiyayan yankin a gaban kogin ƙanƙara na Uruashraju: aka riƙa shigar da dabbobin lama, dangin raƙumi, cikin wasu killatattun filaye na 'yan kwanaki kowane wata. Cikin shekara uku ƙasar ta ƙara taki, tsirrai suka ƙaru, har da nau'o'in da irinsu ya zo a cikin kashin dabbobin.

Iyakar abin da wannan ilimi zai iya ba ki ita ce, duk lissafin shekarun da na kawo an gina shi ne a kan ƙasar da ta fita daga ƙanƙara a yanayin da ya fi na yau sanyi. Filin da ya buɗe a 1900 da wanda ya buɗe bara ba gida ɗaya suka tarar ba: na baya-bayan ya fi zama can sama a kan tsauni, sau da yawa ya fi gangare, ya fi nisa da iyayen iri, amma lokacin tohonsa ya fi tsayi. A wasu kwaruruwan Alps an lura tsirrai na kama sabon fili da sauri fiye da da. Idan kika sami damar komawa kan hotunan nan biyu, ki duba gefen kwarin. Za ki ga wani layi a jikin tsaunin, samansa duhu da ciyayi da laiken, ƙasansa fari-fari. Nan ne ƙanƙarar ta kai wajen 1850, kuma duk koren da ke ƙasa da layin bai kai shekara 180 ba.